Ƙarfe Ɗaya, Suna Biyu

Kakana, Baba Jatau,
shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da makullin soron ciki.
Baƙin ƙarfe ne, tsawon tafin hannu da yatsa biyu,
aikin maƙeran da jikokinsu ma sun daina hura zugazugi.
An ɗaure shi da igiyar jar fata
wadda gumi ya mayar launin tsohon goro.

Da hantsi sunansa mabuɗi.
Da almuru sunansa makulli.
Shi ƙarfen bai taɓa sanin ana sake masa suna ba.

Ni kuwa a bakin Ƙofar Wambai nake yankan makullai,
inji na kuka, garin tagulla na zuba a kan silifas ɗina.
Na shago, na babur, na durowar kuɗi,
ka tsaya nan, kafin ka gama gaisawa ka karɓa.
Wata rana na ce masa: Baba, naka me yake buɗewa?
Ai wancan ƙyauren an cire shi tun ina goye,
an kafa na ƙarfe mai kwaɗon kanti.

Bai yi fushi ba.
Ya gyara rawani, ya ce:
Yaro, ƙyaure itace ne, ko gara ta san hanyarsa.
Ni ne ƙofar.

Ya ce: na taɓa zaunar da attajiri a zaure
daga hantsi har la'asar sakaliya,
turarensa ya gaji da jira ya riga shi tafiya,
na shigar da wata tsohuwa daga Yakasai
da aka ci mata taku uku na katanga.
Kuka ba ya bin layi a bayan turare.

Ya yi shiru, yana murza fatar nan.
Ya ce: ƙanena Mato ma ya zo,
da ƙara a bakinsa, da wuta a idonsa,
a ranar da na ga fuskar mai gidan ba ta shan ruwa.
Na tare shi da ƙirji. Na ce yau babu shiga.
Shekara bakwai bai taka gidana ba,
ko sunan 'yata bai zo ba.
Har ya koma ga Allah yana cewa na sayar da shi,
bai san abin da na rufe masa ba.
Buɗewa kowa ya iya, yaro.
Rufewa ce ke cin mutum.

Da Baba ya cika,
daren addu'ar uku na ɗauko makullin daga ƙarƙashin buzunsa,
na danna shi a jikin sabulu, gaba da baya,
zuciyata na dukan uku-uku kamar ɓarawo a gidansu.
Da safe mutum biyu suka zo daga fada,
suka tuɓe takalma, suka yi ta'aziyya,
suka ce: kayan aiki.
Inna ta miƙa shi a kan faifai, ba ta ɗaga kai ba.

Na yanka nawa. Kwana biyu ina gogawa.
Haƙori bai saɓa wa haƙori ba,
ko maƙerin farko sai ya rantse nasa ne.
Na ɗora shi a tafin hannu
sai na ji sakayau, kamar cokali.

Sabulun, Inna ta wanke tukwane da shi.
Na asalin, an ce yana wuyan wani yanzu,
ana zubewa ana gaishe shi.
Nawa yana rataye a ƙusa
cikin makullan da masu su ba su dawo karɓa ba.

Jiya wani mai adaidaita, yana jiran nasa,
ya nuna shi da leɓe:
Malam, wancan na wace ƙofa ce?

Na kashe inji.
Na ce: ƙofar ta rasu.